Kunkuru a Bakin Gada

Rowar abin hannu kowa ya san ta, kowa kuma yana tir da ita. Amma akwai wata rowa da ba kasafai ake kiranta da sunanta ba, ita ce rowar sani: mutum ya san inda rami yake, ya ga wani ya nufi wurin, ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai wannan hali ba ya ɗaukar kansa marowaci, cewa yake yi horo yake bayarwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kuma wanda ya sa na tsaya a kan ra'ayi guda ba malami ba ne, ba kuma shugaba ba. Mai gyaran keken ɗinki ne, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa tsawon shekara goma sha huɗu.

Ni sana'ata ɗaure littattafai, saboda haka shagona shiru ne, duk abin da aka faɗa a nasa yakan ratso bango ya same ni. Shagon nasa siriri ne kamar lungu. Kawunan kekuna jere a kanta hawa uku, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya mai bayyana ciwonsa: wannan yana tsinka zare, wancan yana tsallake ɗinki. Ga gwangwanaye cike da ƙoshiyoyi da notuna, ga maganaɗisu rataye da igiya wanda yake tsince allura da shi daga ƙasa. Ƙamshin man keke ya kama komai, har rigarsa. A can ƙurya, bayan wani labule da ya koɗe, akwai tebur da kwamfuta, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun bel.

Teloli suna kiransa Injiniya. Abokan wasansa na intanet suna kiransa Kunkuru, sunan kuma ya biyo shi har waje, ta yadda matarsa ma idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Ya koyi gyara a hannun wani maigida da ya iya aiki ƙwarai, ya kuma iya ɓoye shi. Babban sirrin keken ɗinki shi ne daidaita saukar allura da juyawar ƙoshiya, su haɗu daidai lokacin da ya kamata. Duk sa'ad da aiki ya kai nan, sai maigidan ya juya masa baya ya rufe keken da faɗin kafaɗunsa, ko ya aike shi sayo zaren da ba a bukata. Shekara bakwai ya yi kafin ya sato da ido abin da za a iya nuna masa a yamma ɗaya. Ya taɓa ce mini, "Malam, in ka ce in kwatanta maka fuskarsa sai na yi tunani. Amma bayan nan nasa, har ɗinkin rigar na haddace."

Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina kallon wasan da yake yi a matsayin ɓata lokacin manya. Sai dai wanda zai yanke hukunci wajibi ne ya fara sanin abin da yake hukuntawa, don haka ga yadda wasan yake. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa mai ƙofofi goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya. Mutane daga garuruwa daban-daban suna shiga ta kwamfuta, kowa da ɗan mutum-mutuminsa a allo, su haɗu takwas-takwas suna magana da juna. Bakwai suna yaƙi da dodannin birnin. Na takwas yana tafe a baya riƙe da fitila, domin duhun wurin shi kansa kisa yake yi, idan fitila ta mutu kowa ya mutu. Man fitilar kaɗan ne, dole mai riƙonta ya san inda zai ɗaga lagwani da inda zai rage, yana ƙidayar taku a zuci. Aiki ne marar kirari, ba mai sonsa. Kunkuru ne ya riƙe shi shekara goma sha ɗaya a ƙungiyar da suka kafa da abokinsa Guduma, wani mai sayar da tayoyi a bakin babban titi, wanda shi ne shugaba.

Duk tarkon da suka faɗa a shekarun nan, da adadin taku tsakanin ƙofa da ƙofa, Kunkuru ya rubuta da hannunsa a takardu. Ni na ɗaure masa su da baƙar fata suka zama littafi. Da littafin nan suka buɗe ƙofa goma sha ɗaya. Ta goma sha biyu ce ta gagari kowa, kuma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun sanar cewa mutum takwas na farko da suka buɗe ta za a sassaƙa sunayensu a bangon ƙofar, su zauna har ƙarshen wasan. Shekara uku ƙungiyar tana neman wannan, kowace Lahadi da yamma. Mutumin da aikinsa kullum ya ƙare a cikin cikin keken wani, inda ba mai gani, yana son sunan nan a bango fiye da yadda yake iya faɗa.

To, kafin mutum ya isa birnin sai ya ƙetare wata gadar katako a kan kwazazzabo. Katako na uku ruɓaɓɓe ne, ko da yake ba ya nunawa. Sabon shiga yakan yi kamar mako biyu yana tara kayan tafiya kafin ya iso gadar, idan kuwa ya taka katakon ya faɗa, komai ya tafi, sai ya koma farko hannu rabbana. Tsofaffin hannu sun mayar da wannan al'ada, suna kiranta wankan gada. Kowace Asabar da yamma sukan taru a ɗaya gefen suna kiran sababbi da fara'a, "Taho da gudu, ɗan'uwa, muna jiranka!" Idan ya faɗa sai a bushe da dariya, a ɗauki bidiyo a rarraba. Da yawa daga waɗanda suka faɗa ba su sake dawowa ba.

A nan adalci ya tilasta mini in faɗi abin da ba yabo ba ne. Shekara goma sha ɗaya Kunkuru bai taɓa kiran kowa zuwa ramin ba, amma bai taɓa hana kowa ba. Yakan tsaya a cikin taron da fitilarsa, ya yi shiru, ya ɗauka shirun ya wanke shi. Bai wanke shi ba. Wanda ya riƙe wa masu gina rami fitila yana da rabonsa a ramin.

Wata Asabar ina zaune a shagonsa ina jiran ya ba ni aron sukundireba. Abin sawa a kunne yana sa shi ciwon kai, don haka a lasifika yake jin muryoyin, ni ma ina ji. Wata sabuwar shiga ta iso bakin gada. Aka kira ta, ta taho, ta taka, ta faɗa. Aka yi dariyar da aka saba. Da dariyar ta lafa sai muryar mace ta fito, muryar babbar mace, a natse, ba kuka ba zagi.

"Sannunku. Tambaya ɗaya zan yi. A cikinku wa ya san katakon nan ruɓaɓɓe ne?"

Wani ya ce, "Kai jama'a, Goggo ce ta shigo wasa! Goggo, ina jikoki?"

"Suna lafiya. Na ce wa ya sani?"

Guduma ya ce, "Kowa ya sani, Goggo. Mu ma haka aka yi mana."

"Har da mai fitilar can da bai yi dariya ba?"

Ba wanda ya amsa. Ta ce, "To, na gode," ta fita.

Kunkuru ya zauna yana kallon allo. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Malam, ka ga bayana?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Baya na juya mata. Irin na maigidana sak."

Asabar ta gaba bai tsaya a cikin taron ba. Ya ƙetaro gadar ya tsaya a wannan gefen, inda sababbi ke isowa, ya ɗaga fitila. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Katako na uku ruɓaɓɓe ne, tsallake shi." Ranar ba wanda ya faɗa. Ya nemo matar nan ta akwatin saƙo ya ba ta haƙuri a fili, bai fake da komai ba. Ashe ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, a garin da bai taɓa zuwa ba, mijinta ya rasu, 'yarta da ke aiki nesa ce ta sa mata wasan don su riƙa haɗuwa a ciki. Sunan Goggo da aka jefe ta da shi don ba'a, ta ɗauka ta riƙe. Har yau bai taɓa ganin fuskarta ba.

Ya raka ta ta sake tara kayanta, sa'an nan ya fara koya mata fitila, ita da duk wanda ke so. Yadda yake koyarwa shi ne abin lura. Ba ya riƙe fitilar ya ce a kalla. Yakan miƙa ta tun ranar farko, ya koma baya, ya bar mutum ya yi kuskuren da ba ya halakarwa, ya tare shi kafin wanda yake halakarwa.

"Goggo, kin ɗaga lagwani da wuri. Man nan ba na gidanku ba ne."

"Duhu na gani, ɗana."

"Duhun da kika gani bai iso ba tukuna. Ƙidaya taku tara."

"Ni da nake ƙidayar naƙuda shekara talatin, taku tara ne zai gagare ni? Matsa."

Bai daɗe ba ya gane cewa ta fi shi sanyin zuciya. Inda shi yake gaggawa, ita ko gezau.

Wata biyu ana haka, sai Guduma ya zo shagon da tsakar rana, ya zauna a kan akwatin keke ba tare da an ce ya zauna ba. Mutum ne mai jiki, baƙin taya ya zauna a faratansa, kuma ba mugu ba ne, wannan ma ya kamata a rubuta.

"Mutumina, ka kashe mana Asabar. Yara suna ƙorafi."

"Waɗanne yara? Ƙaraminku ya haura talatin da biyar."

"Bar zolaya. Gadar nan ita ce rariya. Wanda ya faɗa ya dawo, shi ne ɗan wasa. Wanda ya faɗa ya gudu, da ma ba namu ba ne. Kai ba ka faɗa ba? Ni sau biyu na faɗa, ga ni."

"Sau biyu ka faɗa don ba ka da lissafi, ba don horo ba."

"Kuma an ce kana karanta musu littafi. Littafinmu! Gobe wata ƙungiya ta riga mu ƙofar da taku namu, ka ce me?"

"Rubutun wa ke ciki?"

"Gumin wa ke ciki? Sau nawa na mutu kafin ka samu abin rubutawa?"

Wannan tambaya tana da nauyi, Kunkuru kuma bai raina ta ba. Ya ajiye ƙoshiyar da ke hannunsa ya ce, "Gaskiyarka. Abin da ke bayan ƙofa ta goma, namu ne mu takwas, ban karanta wa kowa ba, ba zan karanta ba sai kun yarda. Amma katako na uku ba sirrin kowa ba ne. Mugunta ce kawai da ta tsufa har aka fara gaishe ta."

Guduma ya miƙe. "Saura mako uku mu gwada ƙofar da sabuwar dabara, kuma ka san wannan karon za ta buɗu. Ka bar bakin gadar nan, ko a yi ƙuri'a a kanka. Ba ni kaɗai ba ne."

"A yi."

"Kunkuru, shekara goma sha ɗaya fa."

"Na ce a yi. Ka ɗaga mini akwatin mutane, ka lotsa shi."

Hujjar Guduma ta cancanci a auna ta, domin ba a wasa kaɗai ake jin ta ba, ana jin ta a kowace sana'a. Cewa wahala tana tace mutane gaskiya ne. Amma wahala iri biyu ce. Akwai wadda ke cikin aikin kansa, kamar nauyin fitila da ƙarancin mai, wannan ba mai ɗauke wa ɗan koyo ita, kuma bai kamata a ɗauke ba. Akwai kuma wadda na gaba ya ajiye wa na baya da gangan don ya ji daɗin kallo. Ta farko tana koyar da aiki. Ta biyu ba ta koyar da komai sai cewa na gaba ba abin amincewa ba ne, kuma wanda ya koyi wannan darasi shi zai tsaya gobe yana kiran wani. Rariyar da Guduma yake alfahari da ita ba masu ƙwazo take riƙewa ba, masu jure wulakanci take riƙewa, waɗannan kuwa ba abu ɗaya ba ne.

Da yamma matarsa ta biyo ta shagon daga makarantar da take koyarwa, ta ji labari. Ta ajiye jakarta a kan kanta ta dube shi.

"Shekara uku ba mu da Lahadi a gidan nan saboda ƙofar can. Bikin ƙanwata ma rabin zama ka yi. Yanzu da aka zo bakin ƙofa za ka ajiye fitila don wani katako?"

"Ba ajiyewa na yi ba. Ƙwacewa za a yi."

"To ka yi shiru mako uku mana, Kunkuru! A sa sunan, sa'an nan ka koma gadarka."

"Asabar uku ke nan. Mutum nawa za su faɗa a Asabar uku?"

Ta ɗauki jakarta. "Taurin kan nan dai a wurin babanka ka gado shi. Ka taho da burodi."

Aka yi ƙuri'a, shida suka ce ya tafi, ɗaya ya ƙi magana. Suka nemi littafin. Ya kawo mini shi na warware ɗaurin, aka yi kwafi cikakke, na ɗaure kwafin da fata irin ta asalin, ya aika wa Guduma har shago. Ya ce ba zai fita da rowar da ya fita dominta ba.

A nan ne kuskuren tsofaffin hannu ya bayyana, kuskuren da ba mai yinsa sai wanda ya daɗe. Sun ɗauka fitila tana cikin littafi. Shekara goma sha ɗaya haske yana biye da su, ba wanda ya taɓa waiwayawa ya tambayi yadda ake yinsa, domin a wurinsu tambaya aikin sabon shiga ne, sabon shiga kuwa abin dariya ne. Suka ba ɗaya daga cikinsu fitila da littafin a buɗe a gabansa. Lahadin farko mai ya ƙare musu a ƙofa ta bakwai. Ta biyu suka canza mutum, ya rage lagwani fiye da kima, duhu ya cinye su a ta tara. Littafi yana faɗin taku nawa ne, ba ya faɗin yadda za ka ci gaba da ƙidaya alhali mutum bakwai suna yi maka ihu a kunne.

Guduma ya dawo shagon. Wannan karon bai zauna ba.

"Wata ƙungiya ta kai ƙofa ta goma sha ɗaya. In ba mu buɗe Lahadin nan ba, an gama. Ka dawo. Na shawo kansu."

"Da wane sharaɗi?"

"Ɗaya tak. Ka koyar da fitilarka, ka karanta musu abin da kake so. Gadar kawai za ka bari. Ka bar wa mutane abin dariyarsu, don girman Allah, katako ne fa a cikin kwamfuta!"

Ina jin su ta bango, kuma na san abin da aka ɗora masa a kan sikeli.

"Katakon na kwamfuta ne," in ji Kunkuru. "Matar da ta tambaye mu ba ta kwamfuta ba ce. Ba zan bari ba."

"Za ka rasa sunan."

"Na sani. Na fi ka sanin abin da zan rasa."

Guduma ya fita. Suka bazama neman mai fitila, duk wanda aka nuna musu sai ya zamana a bakin gada ya koya, domin ba wani wurin da ake koyarwa. Wadda kowa ya fi ambata kuwa ita ce Goggo. Ranar Juma'a ta kira Kunkuru.

"Ɗana, masu dariya sun zo roƙo. Na ce sai na ji daga bakinka. In ka ce kada in je, wallahi ko kallonsu ba zan yi ba."

"Ki je."

"Kujerarka ce fa."

"Fitila ba kujera ba ce, Goggo. Na koya miki don ki riƙe, ba don ki tsaya a bayana kina jiran izini ba. In na hana ki, me ya raba ni da maigidana? Abu ɗaya: bayan ƙofa ta goma sha ɗaya Guduma zai yi ta ihu ki ɗaga lagwani. Kada ki saurare shi. Shekara uku ina jin ihun nan ina ɗagawa da wuri."

"Ihun maza a bakin ɗakin haihuwa ya fi nasa. Bar ni da shi."

Lahadi da la'asar ya ja ƙofar shago rabi, ya shiga wasan a matsayin ɗan kallo, na zauna kusa da shi. Leɓɓansa suna motsi yana ƙidaya tare da ita. Suka wuce ta goma, suka wuce ta goma sha ɗaya. Duhu ya taso, Guduma ya fara, "Haske! Goggo, haske! Za ki kashe mu!" Muryarta ta fito kamar mai ba da magani, "Yi numfashi, ɗana, lokaci bai yi ba." Ta bar su cikin duhu taku biyar fiye da inda Kunkuru ya taɓa iya jurewa, sa'an nan ta ɗaga. Man ya kai su bakin ƙofa da ɗigo kaɗan. Ƙofar ta buɗu.

Sunaye takwas suka fito a bango ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta su duka a hankali, har na ƙarshe, nata. Sa'an nan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, alhali ba datti a jikinsa.

Na ce, "Ka yi nadama?"

"Ya yi mini ciwo, Malam. Kada ka rubuta cewa bai yi ba." Ya mayar da tabarau. "Ciwo daban, nadama daban."

Ba zan ce duniya ta saka masa ba, domin ba ta saka ba. Sunansa ba ya bangon, ba kuma zai taɓa shiga ba. Wankan gada ma bai mutu ba, har yanzu akwai masu taruwa, wani lokaci sabon shiga yakan ɗauka Kunkuru ne mayaudarin, ya bi muryoyi masu yawa ya faɗa. Guduma ba ya shigowa shagon, amma idan ya wuce a kan babur yakan danna ƙaho sau biyu, Kunkuru ya ɗaga sukundireba ba tare da ya ɗago kai ba. Abin da ya rage tsakaninsu ke nan, kuma bai kai a kira shi komai ba.

Goggo kuwa mako ɗaya ta yi a ƙungiyar. Asabar ta farko aka jera ta cikin masu kira a ɗaya gefen, da sabon shiga ya doso sai ta ɗaga murya ta faɗa masa gaskiyar katakon. Aka kore ta kafin magariba. Ta kira Kunkuru tana dariya har da tari, ta ce, "Sun kore ni, ɗana, amma sun rasa abin goge bango."

Asabar ɗin da ta wuce na leƙa in mayar masa da sukundirebarsa. Wani tela ya kawo keke mai tsallake ɗinki, Kunkuru ya buɗe cikinsa ya juyo da shi wajen telan, ya sa shi ya riƙe keken da kansa ya ga inda allura ke haɗuwa da ƙoshiya. Da ƙarfe huɗu ta yi, ya wanke hannu ya shige bayan labule. A allo, fitilu biyu, tasa da ta Goggo, suna tsaye a wannan gefen gadar. A can gefe kuwa taro ne, ana ta kira, wani yana cewa, "Kunkuru, tsohon banza, wanda ba shi da suna a bango!"

Ya matso da bakinsa kusa da makirfo ya ce, "Ni ne. Ina nan kuma."

Sai ga wani sabon shiga ya iso da kayansa a baya, yana waige-waige, bai san muryar da zai bi ba.

"Sannu da zuwa," in ji Kunkuru. "Kada ka yi sauri. Ƙidaya da ni. Ɗaya, biyu. Na ukun ruɓaɓɓe ne, tsallake shi."